Rokar kwali mai tsawon mita ɗaya: yadda kyau da nauyi suke kokawa wajen haɗa Saturn V

A Amurka akwai wata sha'awa da ta haura shekara sittin ana yin ta, wadda 'yan makaranta da dattawa masu furfura suka yi tarayya a cikinta. Mutum zai sayo akwati mai ɗauke da bututun kwali da 'yan gutsattsarin roba da katako, ya zauna ya harhaɗa su su zama roka, ya fente ta, ranar hutu ya fita fili ya harba ta sama, ta buɗe laima ta sauko. Ƙananan cikinsu ba su wuce kamu ɗaya ba, yaro zai gama tasa tsakanin azahar da magariba. Manyan kuwa labarinsu daban ne. Wadda ta fi suna ita ce Saturn V ta kamfanin Estes, kwaikwayon rokar da ta kai ɗan Adam duniyar wata, an rage ta sau ɗari: tsawonta santimita 110, kaurinta kusan santimita 10. Wannan takan ci wa mutum makonni, wani ma watanni, kuma ba yawan sassanta ne ya jawo haka ba. Ana neman abu biyu ne da ba sa ga maciji da juna: ta yi kyau kamar ta gasken, kuma ta tashi. Duk abin da aka ƙara mata don ado, gam ne ko fenti, nauyi ne, kuma a sama ake biyan kuɗinsa.

Asalin abin tsoro ne ya haife shi. Lokacin da Tarayyar Sobiyet ta harba tauraron Sputnik a watan Oktoban 1957, samarin Amurka suka ruɗe da zancen roka, suna cusa sinadarai a bututun ƙarfe a bayan gida, wasu suka rasa yatsu, wasu idanu, wasu rayukansu. Kafin nan wani mai sayar da takalma a garin Norfolk na jihar Nebraska, Orville Carlisle, wanda yake da lasisin sarrafa wasan wuta, ya riga ya ƙirƙiro ɗan inji mai jikin takarda da ake amfani da shi sau ɗaya a yar. Ya aika wa G. Harry Stine, wanda yake aiki a filin gwajin makamai na White Sands, samfurinsa. Stine ya ga mafita: a raba yaro da haɗa albarushi baki ɗaya, a bar masa aikin gini kawai. A 1957 aka kafa ƙungiyar masu wannan sha'awa ta Amurka, wadda yau ake kira NAR, a 1958 kuma Vernon Estes ya buɗe kamfaninsa a Denver. Shi ne ya ƙera wata na'ura da ya raɗa wa suna Mabel, mai fitar da inji ɗaya a duk sakan biyar da rabi, kafin ya kwashe ya koma garin Penrose na jihar Colorado a 1961. Har yau ƙa'idar ba ta canja ba: inji daga masana'anta yake zuwa, ba a haɗa shi a gida, ba a yi masa kwaskwarima.

Ita kuwa Saturn V ta gasken, tsawonta ya ɗan haura mita 110, nauyinta idan an cika ta da mai ya doshi tan 2,900. Ƙungiyar Wernher von Braun, injiniyan roka haifaffen Jamus, ce ta tsara ta a Huntsville na jihar Alabama, an harba ta sau 13 tsakanin 1967 da 1973, ciki har da tafiyar Apollo 11 da ta tashi ranar 16 ga Yulin 1969. Abin da ya shafi mai haɗa ta kwali shi ne yadda take riƙe hanyarta. Rokar hawa uku ce, kuma a saman hawa na ukun akwai zobe mai ɗauke da kwamfutar da kamfanin IBM ya haɗa, kuma huɗu daga cikin manyan injinanta biyar na F-1 suna iya karkata, don haka da zarar ta fara baudewa sai kwamfutar ta juya bakin wuta ta miƙar da ita. Fikafikanta guda huɗu ƙanana ne ƙwarai idan aka dubi girman jikinta, domin ba su ne ke tuƙa ta ba.

Ta kwali ba ta da kwamfuta, injinta ba ya karkata. Siffarta da yadda aka raba nauyinta ne kaɗai za su hana ta wuntsila gudidi.

Wurare biyu da ido ba ya gani

A jikin kowace roka akwai cibiya biyu. Ta farko cibiyar nauyi, wato inda za ka ɗora rokar a kan yatsa ta tsaya daidai ba ta rinjaya gaba ko baya ba. Ta biyu cibiyar matsin iska, wato inda ƙarfin iskar da ke bugun jikinta daga gefe yake taruwa. Roka a sama tana juyawa ne a kan cibiyar nauyinta. Idan cibiyar matsin iska tana baya, ta wajen wutsiya, duk sa'ad da kai ya kauce sai iska ta tura wutsiyar ta dawo da shi kan hanya. Idan tana gaba, iskar ƙara kautar da kan za ta yi, rokar ta riƙa ƙundumbala da wuta a gindinta, mutane na neman wurin ɓuya. Maharba sun san wannan tun kaka da kakanni: bakin ƙarfe mai nauyi a gaba, kyauro mara nauyi a baya, shi ya sa kibiya take tafiya da tsininta.

Ƙa'idar da masu wannan harka suka saba da ita ita ce cibiyar nauyi ta kasance gaban cibiyar matsin iska da aƙalla kaurin jikin rokar sau ɗaya. A Saturn V ke nan ana neman tazarar santimita 10. Nan ne matsalar take, domin fikafikan da suka dace da siffar ta gasken sun yi ƙanƙanta su ja cibiyar matsin iska baya, ga inji, wanda shi ne abu mafi nauyi, yana zaune a wutsiya. Masu tsara akwatin sukan yi dabaru uku. Sukan ƙara wa fikafikan girma kaɗan yadda ido ba zai lura ba. Sukan tura mazaunin injin ciki, ya shige cikin jiki maimakon ya leƙo waje, don nauyinsa ya matso gaba. Amma wannan ma yana da iyaka, domin injin da ya shige ciki fiye da kaurin bututun yakan rasa ƙarfin turinsa. Sannan sukan saka laka a akwatin, a danna ta can cikin tsinin kai. Wanda ya ga lakar ya ɗauka tarkace ce ya ajiye ta gefe, ya shirya wa 'yan kallo gudun fanfalaki.

Lissafin gano cibiyar matsin iska, wani injiniyan NASA mai suna James Barrowman ne ya sauƙaƙa shi a tsakiyar shekarun 1960, kuma yau manhajar kyauta ta OpenRocket, wadda Sampo Niskanen ɗan ƙasar Finland ya fara rubutawa, tana yin sa nan take. Tsohuwar hanya ma tana nan: a saka inji da laima, a ɗaura igiya daidai cibiyar nauyi, a riƙa wulwula rokar a kewaya da ita. Idan ta bi iska da kai, madalla. Sai dai ni ban ga hikimar wulwula abu mai tsawon mita ɗaya da aka yi wata guda ana gogewa ba. A auna inda take daidaita a kan yatsa, a gwada da abin da takardar umarni ta ce, ya wadatar.

Sai inji. Ɗan bututun takarda ne mai kauri, an danne albarushi a ciki, an toshe ƙasansa da yumɓu mai ƙaramar kafa. A jikinsa akwai rubutu kamar D12-3, kuma kowane yanki yana da ma'ana. Harafin yana nuna jimlar ƙarfin da ke ciki, kowane harafi ya ninka na bayansa: B ya ninka A, C ya ninka B, haka har G. Lamba 12 ita ce matsakaicin turi a ma'aunin newton. Lamba 3 kuma sakan nawa za a jira bayan wutar ta mutu kafin wani ɗan albarushi na sama ya tashi ya tunkuɗo laima waje. D12-3 shi ne injin da aka daɗe ana harba Saturn V ta Estes da shi; yana ci ne ƙasa da sakan biyu, kuma kamfanin ya ƙayyade cewa kada nauyin da zai ɗaga ya wuce kimanin giram 400, har da shi kansa injin. Da aka sake fitar da akwatin a 2019 don cikar Apollo 11 shekara 50, sai aka koma inji mai harafin E.

Giram 400 ba komai ba ne. Mai hannu sake a gam da fenti zai haye shi bai sani ba. Rokar da ta yi wa injinta nauyi tana barin sandar harbi a hankali, alhali fikafikai ba sa aiki sai da gudun iska; ɗan kaɗawar iska daga gefe sai ta kwantar da ita, ta tafi a kwance, ta fara gangarowa kafin laima ta fito. Shi ya sa ƙwararru suke ajiye ɗan sikeli a kan teburin aiki, suna auna kowane sashe kafin fenti da bayansa.

Gam, reza da haƙuri

Aikin yakan fara ne daga ciki, inda ba wanda zai gani. Akwai siririn bututu da ya taso daga mazaunin inji ya bi tsakiyar jiki, zobban kwali suna riƙe da shi. Amfaninsa shi ne ya kai hucin albarushin fitar da laima sama kai tsaye, domin in aka bar shi ya bazu a cikin faffaɗan jikin nan ƙarfinsa ba zai isa ya buɗe rokar ba. Dole wannan bututun ya zauna a tsakiya cif, in ya karkace turin injin ma ya karkace.

Kowane gam da halinsa. Gam ɗin kafinta mai ruwan ɗorawa yana kama kwali da katako da kyau, amma yana tsukewa idan ya bushe, kuma in aka labta shi a bakin zobe sai ya janyo bangon bututun ciki, a wayi gari an ga ƙugu a jikin roka inda bai kamata ba. Yana kuma da saurin cafka: ana cikin zura wani bututu a cikin wani, in aka tsaya gyara zama sai ya kame a rabin hanya, ba gaba ba baya. Gam mai haɗi biyu, wanda ake cakuɗawa, ba ya tsukewa kuma yana ba da lokaci, amma nauyi gare shi, ga shi galibi a wutsiya ake buƙatarsa, inda aka fi gudun nauyi.

Inda mutane suka fi zubar da hawaye shi ne rigunan roba. Jikin Saturn V ta gaske yana da wurare masu gurzago, layi-layi a tsaye, ƙarafan da ke ƙarfafa mahaɗar tankuna. A akwatin an kawo su ne a matsayin fallayen roba marasa kauri da aka matsa a kan zubi, sai mai haɗawa ya yanke su ya naɗa a jikin bututun. Ba a yanka su da almakashi a gaggauce. Ana ɗora rula, a ja sabuwar reza a hankali sau uku ko huɗu, a lanƙwasa robar ta tsinke da kanta, sannan a goge bakin da samfefa. Sai a naɗa ta a bushe tukuna, a ga ko bakin ya haɗu, a rage kaɗan, a sake gwadawa. Gam ɗin roba mai narkarwa yakan cinye fallen ya bar rami. Gam mai kamawa nan take, wanda ake sayarwa a 'yar ƙaramar kwalba, yakan sa ta tsage idan tana a ɗame. Yawanci gam na feshi ko na shafawa a fuska biyu ake amfani da shi, shi kuma ba ya yafiya: inda robar ta fara taɓawa nan ta zauna. Don haka sai an ja layi a tsaye a jikin bututun da fensir, an tabbatar ramukan da bututun wayoyi za su bi sun yi saiti daga ƙasa har sama, kafin a kusanto da gam.

Wuraren da jiki yake tsukewa daga faɗi zuwa siriri da takarda mai kauri ake yin su. Ana lanƙwasa ta sannu a hankali a jikin wani abu mai zagaye har ta ɗauki siffar mazurari ba tare da ta karye ba. Can ƙoli kuma akwai hasumiyar ceto (a ta gasken ita ce ke fizge ɗakin 'yan sama jannati daga rokar in haɗari ya taso), 'yan sandunan roba sirara kamar tsinken sakace, waɗanda ke neman hanzaki da hannun da ba ya rawa.

Fenti ba ya rufa asiri

Wanda bai taɓa yi ba yana zaton fenti zai ɓoye kurakurai. Tona su yake yi. Bututun kwali naɗe shi ake yi a masana'anta, don haka akwai siririn tsagi da ya kewaye shi kamar dunƙulen igiya daga ƙasa zuwa sama. Da ido ba ya damun kowa, amma da farin fenti mai sheƙi ya hau sai ya fito ɓaro-ɓaro. Ana cike shi da abin cike ramin katako da aka tsinka da ruwa, a shafa da buroshi a kan tsagin kawai, a bari ya bushe, a goge da samfefa mai lamba 220 sannan 400 har yatsa ya wuce bai ji komai ba. Wannan tun kafin a naɗa rigunan roba ya kamata a yi shi, domin bayan an naɗa samfefa ba ta da wurin juyawa.

Daga nan sai fentin share fage, mai ruwan toka. Aikinsa ya nuna inda aka bari, kuma akasarinsa gogewa ake yi a zubar. Abin da ya rage a cikin ƙananan ramuka shi ne ribar. A kan rigunan roba kuwa feshi ɗaya mara kauri ya isa, in ya yi yawa sai ya cike layukan da aka sha wahalar naɗawa.

Fari ake fara fesawa a jiki duka. Gwangwanin yana nesa da jiki kamar taƙi ɗaya, hannu yana tafiya, a fara danna kan kafin a iso rokar, a saki bayan an wuce ta. Shafi biyu ko uku marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri, wanda zai zubo da hawaye. Akwai kuma tarkon sinadari: fenti mai kaifin sinadarin narkarwa idan ya hau kan wani iri da bai gama bushewa ba, sai na ƙasan ya yamutse ya tattare. Maganin shi ne a tsaya a kan fentin kamfani ɗaya, a karanta lokacin da aka rubuta a gwangwani, a gwada a kan guntun kwali. Masu harkar suna da gwajin hanci: muddin ana jin warin fenti a jiki, bai bushe ba. Danshi yana dusashe sheƙi, ƙura kuma tana mannewa.

Baƙaƙen zanen nan na Saturn V ba ado ba ne. An yi su ne don kyamarorin da ke bin rokar daga ƙasa su gane ko tana murɗawa, dabarar da mutanen von Braun suka taho da ita tun daga gwajin rokar yaƙi ta V-2 a Jamus. Ga mai haɗawa, su ne jarrabawar ƙarshe, domin dole a ja layi madaidaici tsakanin baƙi da fari a kan wuri mai gurzago. Salatif na takarda ba ya shiga cikin kwarin layukan da kansa, sai an bi shi ɗaya bayan ɗaya da tsinke ana dannawa. Dabarar da ta fi aiki ita ce bayan an manna salatif a sake fesa fari kaɗan a bakinsa; duk kafar da ta rage farin zai shiga ya toshe, baƙin da zai biyo baya ba shi da hanyar kutsawa. Ana ɓare salatif ɗin a hankali, ana ja da shi baya a kwance. Sai fikafikai da sashen da ke ƙarƙashin ɗakin 'yan sama jannati su sami ruwan azurfa, sannan tambura: haruffan USA ja, da tutar Amurka. Irin waɗanda ake jiƙawa a ruwa ne su sulluɓo daga takarda, kuma a kan fenti mai sheƙi kaɗai suke kwanciya lafiya. A kan mai gautsi iska takan maƙale a ƙarƙashinsu su yi hazo.

A ganina nan ne ya kamata mutum ya yanke wa kansa hukunci tun kafin ya buɗe gwangwanin farko: ta ajiya yake yi ko ta tashi? Ta ajiya ba ta da iyakar nauyi, a yi mata shafi goma in an ga dama. Wannan ma shi ne zaɓin da ya rage wa mai sha'awa da ke zaune inda ba a sayar da injinan, domin kaya ne masu haɗari a dokar sufuri, ba a jefa su a jakar matafiyi, kuma cusa albarushin gida a madadinsu komawa ne ga abin da ya cinye yatsun samarin 1957. Ta tashi kuwa sai an haƙura da wani abu na kyau.

Ranar harbi akwai ƙa'idojin NAR. Ba ƙarfe a kai ko jiki ko fikafikai. Nauyi kada ya wuce giram 1,500. Abin da ya haura haka, ko inji daga harafin H zuwa sama, ya shiga wani aji da ke buƙatar takardar shaida daga NAR ko takwararta, ƙungiyar masu roka da ake kira Tripoli. Da batir ake kunna inji daga nesa, ƙafa 15 ga D, ƙafa 30 ga wanda ya fi shi. Ba a harbi idan gudun iska ya wuce mil 20 a awa, ko kusa da busasshiyar ciyawa, kuma idan inji ya ƙi tashi sai an jira sakan 60 kafin a matsa kusa.

Kafin a ɗora ta a sanda ana cire bakunan injin F-1 guda biyar, domin na kallo ne kawai. Ana cusa takardar da ba ta kama wuta tsakanin inji da laimomi, a barbaɗa wa laimomin hoda don kada su manne. Tashin nata a hankali yake, da hayaƙi, wanda shi ne abin da masoyanta suke so, kuma da injin D ba ta ko kaiwa tsawon ta gasken a sama. Can sai ta rabu biyu: gangar jiki ta sauko da laima biyu, sashen sama da tasa guda, an ɗaure shi da zare ta yadda hasumiyar ceto ba za ta fara dukan ƙasa ba. Duk da haka hasumiyar da fikafikai su ne suka fi karyewa, shi ya sa wasu suke barin hasumiyar ba gam, su cire ta kafin harbi, wasu kuma su tafi fili da 'yar kwalbar gam a aljihu.